Na zana fuskata sau 34, Umma ta gani ta fashe da kuka

Goggo, barka da aiki. Shekarata 21, ina shekara ta biyu a kwalejin horon malamai. Wata 11 ke nan da wutar gas ta tashi ina girkin dare, ta ci mini kuncin hagu ta gangara wuya. Na yi mako bakwai a asibiti. Da na dawo gida na kife madubin ɗakina, na yi wata uku ban ɗaga shi ba. Wani dare barci ya ƙi zuwa, na jingina shi a bango, na ɗauki fensir na zana abin da na gani, na rubuta 'yan baitoci a ƙasa. Tun ranar nake yi, yanzu sun kai 34. Ga farkon ɗaya:

Na duba madubi na ga baƙuwa,
Na yi mata sallama ba ta amsa ba,
Ta ɗauki idanuna ta sa wa kanta,
Sauran fuskar ban san mai ita ba.

Makon jiya Umma ta tarar da su a ƙarƙashin katifa, ta zauna a ƙasa tana kuka. Ta ce ko an yi mini asiri ko iska ta taɓa ni, mai hankali ba ya kwana gaban madubi. Yayana ya ce zanen mai rai haramun ne, in ban ƙona su ba shi zai ƙona. Ƙawata kuma ta ce in zuba su a Instagram in yi suna. Goggo, zunubi nake yi? Ko kaina ne ya taɓu? Ni dai na san ranar da na yi zanen nan nakan yi barci.

'Yarki daga Funtuwa

'Yata, sannu. Sannu da jiki, sannu da jinya, Allah ya sa kaffara ne. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma kowane karo a maganarki ta ƙarshe nake tsayawa, inda kika ce ranar da kika yi zanen kikan yi barci. Ciwon da ke taɓa kai yakan hana barci, ya hana ci, ya raba mutum da mutane. Naki ya dawo miki da barcin da kika rasa. Ban ga taɓin hankali a takardar nan ba. Na ga yarinyar da ta yi shekara 20 da fuska ɗaya, dare ɗaya aka sauya mata ita, tana neman hanyar da za su saba.

Bari in faɗa miki abin da nake ganin yana faruwa idan kika zauna gaban madubin nan. Akwai kallon wucewa, wanda mutum zai gifta ya hango kansa, ido ya zarce wurin tabo, zuciya ta yanke hukunci kafin a ƙifta. Shi ya sa kika kife madubi wata uku. Mai zane ba ta da damar wannan gaggawar. Dole ta tambayi kanta ina inuwa ta fara, ina ta tsaya, daga ƙasan hanci zuwa leɓe nawa ne, girar nan miƙewa ta yi ko lanƙwasa. Duk tambayoyi ne masu amsa, amsar kuma tana gabanta. Tambayar da ke hana ki barci, wato “me ya sa sai ni”, babu ɗan Adam da zai amsa miki ita. Awa gudan da kike yi da fensir a hannu, kin sauke waccan kin ɗauki waɗannan. Dalilin da ya sa kike tashi da sauƙi a ƙirji ke nan.

Ba a kanki aka fara ba. A Meksiko an yi wata mai zane, Frida Kahlo. A 1925, tana da shekara 18, motar bas da take ciki ta yi karo da taragon lantarki, ta karye a ƙashin baya da ƙugu da ƙafa. Ta yi watanni a kwance. Iyayenta suka sa aka kafa mata madubi a saman gado, aka yi mata katakon da za ta iya zane a kwance, ta fara da fuskar da ke kallonta daga sama. Kafin ta rasu a 1954 ta zana kanta sama da sau 50. Abin da ya taɓa ni a labarinta shi ne iyayen. Su ne suka kawo madubin. Zan dawo kan Umma, amma ki ajiye wannan a ranki.

Yanzu waƙar, wadda ita ce ta sa na kasa ajiye wasiƙarki. Na daɗe ina koyar da rubutacciyar waƙa a makarantar 'yammata, na san baitin da aka haɗa don a ci jarrabawa, na san wanda ya fito daga ciki. Naki na biyun ne. Ƙwar biyu kika yi, wato kowane baiti layi biyu ne, babban amsa-amonki kuwa, wato sautin da kowane baiti ke ƙarewa da shi, shi ne “ba”. Marubuta da yawa suna son wannan amsa-amon saboda sauƙinsa, amma ke ban ga alamar sauƙi kika bi ba. “Ba” harafin korewa ne. Ba ta amsa ba, ban san mai ita ba. Kowane baiti naki yana rufewa da ƙi. Ki sake karanta ɗango na huɗu, wato layi na huɗu, da babbar murya: sau, ran, fus, kar, ban, san, mai. Gaɓa bakwai masu nauyi a jere, babu marar nauyi ko ɗaya da za a huta a kanta, kamar mai hawan tudu da tulu a ka. Wataƙila ba ki lissafa haka ba, kunnenki ne ya zaɓa. Kada ki gyara shi.

Sai ɗango na uku, wanda ya fi duka. Kin ce baƙuwar ta ɗauki idanunki ta sa wa kanta. Ashe kin gane idanun. A daren farko, cikin wancan firgici, akwai abu ɗaya a madubi da kika ce naki ne. Wadda ke ɗauke da idanunki kuwa ba bare ba ce. Kuma ko baƙuwar ce, ai mun san yadda ake yi da baƙo a gidajenmu. Baƙonka Annabinka. A shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, ba a tsare shi da tambaya tun bai huta ba. Kin yi mata sallama sau 34. Ina so ki rubuta waƙa ɗaya da za ta amsa, da bakinta, ki ji abin da za ta ce. Ita ma ta sha wuya, ita ce ta kwana mako bakwai ana wanke mata ciwo.

Ga aikin da zan ba ki, irin wanda nake bai wa ɗalibaina. Ki bar “ba” ta huta, ki yi waƙa mai amsa-amon “na”. Idona, goshina, hancina, wuyana, sunana. Za ki ga kalmomin suna zuwa da kansu har ki iso wurin wadda za ta tsaya miki a maƙogwaro, wato tabona. Kada ki tilasta ta. In ta ƙi fita yau, ki bar gurbinta a takarda ki wuce. Sannan ki riƙa rera abin da kika rubuta, don waƙar Hausa da murya ake auna ta. Ki samo karin da ya kwanta miki, ki ɗora kowane ɗango a kai. Inda harshenki ya yi tuntuɓe, nan ne gaɓa ta yi yawa ko ta gaza.

Idan wani ya ce miki yin waƙa a kan kai son kai ne ko baƙuwar al'ada, ki tuna masa da marufin waƙoƙinmu. Marubutanmu sun saba, in sun zo ƙarshe, bayan hamdala da salati, su faɗi sunansu da na mahaifinsu da garinsu, wasu har da shekarar da suka gama, da roƙon a yi musu addu'a. Maharbi da ɗan dambe kuma sukan tsaya a tsakiyar fili su yi kirari, su faɗi ko su wane ne. Bahaushe ya daɗe yana zana kansa da baki. Zuba baƙin ciki a baiti ma gadonmu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, cikinsu har da marsiyyar ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ta mijinta Waziri Giɗaɗo. Malama ce da mata ke tahowa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a wurinta, ba ta kuma ɓoye hawayenta daga takarda ba. Ni ma da Malam ya rasu, a cikin wata huɗu da kwana goma na takaba, littafin rubutu ɗaya na cika. Shi ya riƙe ni a dararen da gida ya yi shiru.

To, maganar yayanki. Kada ki raina ta, kada kuma ki yi masa tsiwa. Bai ƙirƙira ba. Akwai hadisai ingantattu a Buhari da Muslim masu tsoratarwa mai tsanani ga masu suranta abu mai rai, kuma akwai manyan malamai, irin su Imam Nawawi, da suka ce hanin ya haɗa har da zanen takarda da na bango. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya, wadda a kanta akasarinmu muka taso, shi ne haramcin yana kan surar da aka sassaƙa ko aka ƙera, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi. Zanen da ke shimfiɗe a takarda, marar inuwa, sun ajiye shi a matakin karhanci ko saɓa wa abin da ya fi, ba su kai shi haramun ba. Saɓani ne tsoho tsakanin malamai, ba ke da yayanki za ku rufe shi a tsakar gida ba. Fatawa kuma ta malamai ce. Ki roƙe shi cikin ladabi ya raka ki wurin malamin da ku biyun kuka yarda da iliminsa. Ki tafi da zane ɗaya, ki faɗi gaskiyar dalilinki kamar yadda kika faɗa mini: ba ratayewa kike yi ba, ba girmamawa ba, ba sayarwa ba, barci kike nema. Malami na gari yana sauraron hali kafin ya ba da amsa.

In aka ce miki ki bar zana fuska, kuma ranki ya natsu da hakan, hanya ba ta toshe ba. Hatta malaman da suka tsananta sun sassauta a kan abin da babu kai a cikinsa. Ki zana hannunki riƙe da fensir. Ki zana mayafinki yadda ya zubo a kafaɗa, ko takalmin da kika sa ranar da aka sallame ki, ko madubin kansa a kife. Duk waɗannan ke ce. Ki kewaye baitocinki da irin zayyanar da ake yi wa allon sauka, ko dagin da magina ke yi a fuskar soro. Waƙar kuwa ba ta cikin wannan gardamar. Hassanu bin Sabit yana rera waƙa a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba, kuma ina so a karanta wa yayanki wannan wurin. Ɗana, kada ka ƙona. Yarinyar da wuta ta ci wa fuska ba a sake sa wa fuskarta wuta a gabanta, ko da ta takarda ce. In har an yanke a daina, a tattara su a sa a ambulan, a rufe a akwati, makulli a hannunta. Kishin addinin da ya motsa ka abu ne mai kyau, ka haɗa shi da tausayin ƙanwarka.

Umma kuma, ni uwa ce, ina jin na san abin da ta gani a ƙarƙashin katifar nan. Wata 11 tana daurewa, tana ce miki ai ya warke, ai ba a ma ganinsa sosai, tana faɗa wa kanta kin manta. Sai ta ɗaga katifa ta tarar da daren nan sau 34. Kowace uwa da ɗanta ya ji ciwo a gidanta tana da lissafin da take yi ita kaɗai: da ni na shiga madafa ranar, da na sa an duba tukunyar gas ɗin. Maganar asiri da iska ta fi mata sauƙin faɗa a kan ta ce “'yata tana cikin ciwo ban sani ba”. Ɓoyewar ce ta firgita ta fiye da zanen. Don haka ki daina ɓoyewa. Ki bar yin sa da tsakar dare ƙofa a rufe, ki koma yi da hantsi ko bayan la'asar, ƙofa a buɗe, wanda dama hasken ya fi kyau. In ta kawo tofi ko ta ce a yi miki addu'a, ki karɓa da hannu biyu, addu'ar uwa ba ta da illa. Amma kada ki yarda a kai ki inda za a yi miki duka ko turaren da zai shaƙe ki da sunan cire iska, ko a shafa wani abu a tabon.

Ki jera mata zanukan daga na farko zuwa na ƙarshe, ki zauna kusa da ita. Ina kyautata zaton na farkon duk tabo ne, baƙi ƙirin, fensir ya kusa huda takarda, na baya-bayan kuwa ido da goshi da leɓe sun fara samun rabonsu. In haka ne, za ta ga da idonta cewa sauƙi ake samu. Sannan ki tambaye ta abin da iyaye mata ba sa gajiya da amsawa: Umma, goshin nan na wa na ɗauko? Hancin fa? Za ta ce na kakarki wance ne, ta shiga ba ki labari. Wataƙila ma kakar nan tana da tsagar gado a fuska, irin wadda wanzamai ke yi wa jarirai a da, da mutum ya gan ta ya san gidan da ta fito. Ban haɗa taki da tasu ba, tasu da niyya aka yi, taki ƙaddara ce. Ina tuna miki ne cewa mun fito daga mutanen da suka saba ganin fuska mai alama, su so ta, su yi mata waƙa. Ranar da Umma ta yarda ta ajiye miki hannunta a kan cinya ki zana shi, an wuce wurin.

Instagram kuwa, ki dakata. Ƙawarki tana nufin alheri, amma abin da ya hau intanet ba ya sauka, kuma cikin mutum ɗari da za su yaba ba za a rasa ɗaya da zai rubuta kalmar da za ta mayar da madubinki kife ba. Da zarar kin fara jiran yabo ma, hannunki zai koma zana abin da mutane ke so su gani. In kina son mai karatu, ki fara da mutum ɗaya, malamar Hausa ko ta zane a kwalejinku. Baitocin za su iya fita wata rana su kaɗai, fuskar ta zauna a gida sai lokacin da ke kika ga dama.

Tunda za ki ci gaba, ki yi shi da kyau. Ki zauna taga tana gefenki ɗaya, don haske ya faɗo a ɓari ɗaya, inuwa ta kwanta a ɗayan. Yau tagar tana dama, gobe tana hagu, kada kullum tabon ya kasance a duhu, kada kuma kullum shi ne a haske. Ki nemi fensir mai lamba HB don shata layi, da 2B da 4B ko 6B don inuwa, suna nan a shagunan littattafai, gawayin murhu ma yana aiki a takarda mai kauri. Masu koyo sukan kai idanu can sama kusa da gashi, alhali ido yana tsakiyar kai ne, rabin tazarar da ke tsakanin ƙoƙon kai da haɓa. Tsakanin ido da ido kuma kusan faɗin ido guda ne. Ki fara da siffar kai gaba ɗaya, ki sa ido da hanci da baki, tabon ya zo ƙarshe, ki ba shi daidai girmansa, kada ki ƙara kada ki rage. Wanda yake jin haushin wani wuri a jikinsa yakan zana shi ya fi yadda yake, shi ya sa nake so ki riƙa aunawa da tsinin fensir, ki miƙe hannu ki kanne ido ɗaya. Ki guji kwafa daga hoton kyamarar gaban waya, domin in an kusanto da ita tana kumbura hanci da duk abin da ke kusa da ita. Madubi ya fi ta adalci. Kuma kowane zane ki sa masa kwanan wata.

Kwanan watan yana da amfani na biyu. Tabon ƙuna yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu yana sauyawa kafin ya zauna, launinsa da taurinsa duka. Fuskar da kike zanawa yau ba ta gama zama yadda za ta zama ba. Ki kare wurin daga rana, ki riƙa shafa man da likita ya ce, ki nisanci man bilicin ko wane ne ya kawo miki shi. In tabon yana tudu, yana ƙaiƙayi, ko yana jan wuyanki in kin juya, ki koma asibiti. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kan hanyarku ta zuwa Zariya, akwai likitocin ƙuna da gyaran fata, akwai kuma na lafiyar ƙwaƙwalwa. Na ambaci na biyun da gangan. In kina mafarkin wutar, in ƙamshin gas ko ƙarar ashana na sa jikinki rawa, in kin daina zuwa aji don gudun ido, ko zanen ya koma kina yi kina kuka har asuba babu sauƙi, ki je ki gan su. Wannan ciwo ne sananne da ke bin wanda ya tsallake babban haɗari, yana da magani, zuwa wurinsu kuma ba ya nufin hauka. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa gifta miki, ki faɗa wa Umma a ranar, kada ki kwana da shi.

Akwai addu'ar da aka koya mana a Islamiyya in mun duba madubi: ya Allah, kamar yadda Ka kyautata halittata, Ka kyautata halayena. Na san rabin farkonta yana miki nauyi a baki yanzu. Ki riƙa faɗarta duk da haka kafin ki ɗauki fensir, ko a zuci ne.

Ina jiran waƙar mai amsa-amon “na”, ko da gurbi a cikinta. Ki rufe ta yadda magabata ke rufewa, da sunanki da na mahaifinki da Funtuwa, ba zan buga wannan baitin ba, ni kaɗai zan karanta. Ki gaishe mini da Umma, ki ce Goggo tana yi mata sannu da jinya.